Yadda Ɗalibin Jami'a Zai Zaɓi Girman Ma'ajiyar Kwamfutarsa Tafi-da-gidanka

Gabatarwa

A kowace shekara, da zarar jami'o'i sun fitar da sunayen waɗanda suka samu gurbin karatu, iyaye da ɗalibai kan shiga lissafin kuɗin rajista da na ɗakin kwana da na guzuri. A wannan zamani an samu ƙarin wani nauyi a kan waɗannan, wato sayen kwamfuta tafi-da-gidanka, kasancewar da ita ake rubuta aikin jinga, da ita ake karanta littattafai, da ita kuma ake haɗa kundin digiri a shekarar ƙarshe.

Daga cikin tambayoyin da mai saye kan ci karo da su a shago akwai ta girman ma'ajiya: shin mai gigabait 128 zai ɗauka, ko mai 256, ko mai 512, ko kuwa mai terabait 1? Wanda ya sayi ƙarama fiye da kima zai wayi gari a aji biyu yana goge wannan domin ya samu wurin ajiye wancan. Wanda ya sayi babba fiye da buƙata kuwa, ya kashe kuɗin da ya fi cancanta a sa a wani sashe na kwamfutar. Manufar wannan bayani ita ce nuna wa ɗalibi da iyayensa yadda za su auna buƙatarsu da kansu, bisa la'akari da kwas ɗin da za a karanta da yawan shekarun da za a yi ana karanta shi.

Bambancin ma'ajiya da RAM

Wajibi ne a fara da warware wani ruɗani da ya yawaita a kasuwa. Lambobi biyu ake rubutawa a jikin kowace kwamfuta, kuma duka biyun da gigabait ake auna su, wato abin da ake taƙaitawa da haruffan GB. Ƙaramar lambar, kamar 4 ko 8 ko 16, ta RAM ce. Babbar kuwa, kamar 256 ko 512, ita ce ta ma'ajiya.

Ma'ajiya tamkar rumbu take, inda ake zuba amfanin gona ya shekara. RAM kuwa tamkar faifai ne da ake ɗebo hatsin yini a kai domin a yi aiki da shi. Idan aka kashe kwamfuta, duk abin da ke cikin RAM ya tafi, amma na cikin ma'ajiya yana nan. Saboda haka ƙarancin RAM shi ke sa kwamfuta nauyi idan aka buɗe manhajoji da yawa a lokaci guda, ƙarancin ma'ajiya kuma shi ke hana ajiye sababbin abubuwa. Girman ɗaya ba ya maganin ƙarancin ɗayan. Wannan bayani a kan ma'ajiya yake, sai dai yana da kyau ɗalibi ya san cewa RAM mai gigabait 8 shi ne mafi ƙarancin abin da ya dace da karatun jami'a a yau.

Dalilin da ya sa lambar jikin kwali ba ta cika

Megabait 1,000 ne ke yin gigabait 1, gigabait 1,000 kuma su yi terabait 1. Wannan shi ne lissafin kamfanonin da ke ƙera ma'ajiya. Babbar manhajar Windows kuwa da 1,024 take lissafi a maimakon 1,000. Wannan ya sa ma'ajiyar da aka rubuta wa 128 za ta nuna kimanin 119 idan aka kunna kwamfuta, mai 256 ta nuna kimanin 238, mai 512 ta nuna kimanin 476, mai terabait 1 kuma ta nuna kimanin gigabait 931. Ba ha'inci ne daga mai shago ba, bambancin mudun awo ne kawai.

Bayan wannan ragi akwai wurin da ita kanta babbar manhajar ke cinyewa. Kamfanin Microsoft ya ƙayyade gigabait 64 a matsayin mafi ƙarancin ma'ajiyar da za a ɗora wa Windows 11, wadda ya fitar a watan Oktoba na 2021. Idan aka haɗa manhajar da sabuntawar da take saukewa lokaci-lokaci, da wurin da take keɓe wa kanta, za a tarar ta cinye gigabait 30 zuwa 40. Sai kuma manhajojin yau da kullum, kamar Microsoft Office da ke buƙatar kimanin gigabait 4, da manhajar shiga intanet, da ta karanta littattafan PDF, da makamantansu, waɗanda a jimlace za su iya kai gigabait 10.

Har ila yau, ba a so a cika ma'ajiya maƙil. Masana harkar kan ba da shawarar a bar kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari babu komai, domin kwamfuta na buƙatar sarari wajen sauke sabuntawa da gudanar da ayyukanta na wucin-gadi, kuma ma'ajiyar da ta cika takan rage gudu.

Idan aka cire duk waɗannan, ga kimanin abin da zai rage wa ɗalibi:

1. Mai gigabait 64: da ƙyar a samu ragowar 15.
2. Mai gigabait 128: kimanin 50.
3. Mai gigabait 256: kimanin 150.
4. Mai gigabait 512: kimanin 350.
5. Mai terabait 1: kimanin 750.

Da waɗannan lambobi ya kamata a yi lissafi, ba da na jikin kwali ba.

Abubuwan da ke cin wuri da waɗanda ba sa ci

Mutane da yawa na zaton littattafai da rubuce-rubuce ne ke cika kwamfutar ɗalibi. Ba haka abin yake ba. Kundin digiri mai shafi 100 da aka rubuta da Word bai fi 'yan megabait ba, sai fa idan an cika shi da hotuna. Littafin PDF mai megabait 5, guda 200 irinsa ne za su cika gigabait 1. Alal misali, idan ɗalibi na ɗaukar kwas 10 a zangon karatu, kowane kwas kuma ya tara masa megabait 200 na takardun lacca da littattafai, gigabait 2 ke nan a zango. A shekara huɗu, wato zango takwas, gigabait 16 kacal ya tara. Haka nan muryar lacca da aka naɗa ta tsawon awa ɗaya ba ta cika wuce megabait 60 ba.

Abubuwa uku ne ke cin wuri da gaske. Na farko shi ne bidiyo. Bidiyon awa ɗaya da aka ɗauka da waya mai kyau kan kai gigabait 4 zuwa 8, wanda aka ɗauka da ingancin 4K kuwa ya ninka haka fiye da sau biyu. Na biyu shi ne manyan manhajojin sana'a da wasu sassa ke wajabta wa ɗalibansu. Na uku shi ne kayan nishaɗi, wato finafinai da wasannin kwamfuta, da kuma hotunan da ake kwashewa daga waya idan ta cika. Wasan kwamfuta guda ɗaya na wannan zamani na iya cinye gigabait 50 zuwa 100. Ya kamata ɗalibi ya faɗa wa kansa gaskiya game da wannan kashi na uku, domin sau da yawa shi ne ke cika ma'ajiya alhali ana ɗora laifin a kan karatu.

Nau'in ma'ajiya ya fi girmanta muhimmanci

Ma'ajiya iri uku ake samu a kwamfutocin da ke kasuwa.

Ta farko ita ce HDD, wato tsohuwar ma'ajiya mai faifai da ke juyawa a ciki, da wata 'yar allura da ke karanta shi. Tana da araha kuma takan zo da girma, kamar gigabait 500 ko terabait 1. Amma gudunta bai wuce kimanin megabait 100 a daƙiƙa ba, kuma da yake akwai abin da ke motsi a cikinta, faɗuwa ko jijjiga na iya lalata ta. Ga ɗalibin da ke goya kwamfutarsa a jaka kullum, yana shiga motar haya da adaidaita-sahu, wannan ba ƙaramin haɗari ba ne.

Ta biyu ita ce SSD, wadda babu abin da ke motsi a cikinta. Nau'inta da ake kira SATA kan yi gudun kimanin megabait 550 a daƙiƙa, nau'in NVMe kuwa kan kai 3,500, wasu sababbi ma har 7,000. Kwamfuta mai SSD kan tashi cikin daƙiƙoƙi kaɗan, ba ta ƙara, kuma ta fi tattalin batir, abin da ke da matuƙar amfani a ɗakunan kwanan da wutar lantarki ba ta zama.

Ta uku ita ce eMMC, wadda ake samu a ƙananan kwamfutoci masu araha, galibi da girman gigabait 32 ko 64. Ba ta kai SSD gudu ba, kuma a manne take da babban allon kwamfuta, ba a iya cire ta a sa wata. Irin waɗannan kwamfutoci sukan ja hankali saboda kyan gani da sauƙin kuɗi, amma Hausawa sun ce araha ba ta ado. Mai gigabait 32 ba ta ma kai sharaɗin Windows 11 ba.

Saboda haka, idan aka ajiye wa ɗalibi kwamfutoci biyu masu kuɗi ɗaya, ɗaya da HDD mai terabait 1, ɗaya da SSD mai gigabait 256, ta biyun ce ta fi dacewa da shi. Ana iya magance ƙarancin wuri da ma'ajiyar waje, amma nauyin HDD kullum za a riƙa fama da shi.

Wasu kan ji tsoron cewa SSD na ƙarewa da yawan rubutu. Gaskiya ne tana da iyaka, amma iyakar na da nisa. SSD mai gigabait 500 daga sanannun kamfanoni kan zo da garantin jure rubutun kimanin terabait 300. Ko da ɗalibi na rubuta gigabait 30 a kowace rana, sai ya shafe fiye da shekara 25 kafin ya kai wannan adadi.

Zaɓi gwargwadon kwas

A jami'o'in Nijeriya, irin su Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato da Jami'ar Maiduguri, yawancin digirin farko shekara huɗu ne. Injiniyanci da shari'a da aikin gona shekara biyar ne, likitanci kuma shida. Kwamfutar da aka saya a aji ɗaya ana sa ran ta raka ɗalibi har ƙarshe, don haka da buƙatar shekarar ƙarshe za a yi awo.

Kashi na farko su ne masu karanta harsuna da tarihi da addini da shari'a da ilimin koyarwa da kimiyyar siyasa da harkokin kasuwanci. Aikinsu karatu ne da rubutu, sai kuma manhajar ƙididdiga irin SPSS a lokacin bincike, wadda ba ta wuce 'yan gigabait ba. SSD mai gigabait 256 ta ishe su, muddin ba za su mayar da kwamfutar gidan ajiye finafinai ba.

Kashi na biyu su ne masu karanta likitanci da jinya da haɗa magunguna da kimiyyar halittu. Manhajojinsu ba su da nauyi sosai, amma littattafansu na da girma saboda yawan hotuna, kuma sukan tara bidiyon darussa masu yawa tsawon shekaru. Gigabait 512 ce ta fi dacewa da su.

Kashi na uku su ne masu karanta injiniyanci da zanen gine-gine da safiyo da ilimin taswirar ƙasa da kimiyyar kwamfuta. A nan manhajoji ne ke cin wuri. AutoCAD na buƙatar kimanin gigabait 10, Revit na buƙatar 30, ArcGIS Pro na buƙatar 32, MATLAB kuwa idan aka ɗora dukkan sassanta ta haura 20. Ɗalibin kimiyyar kwamfuta da ya ɗora Visual Studio zai iya rasa gigabait 20 zuwa 50, idan kuma ya so ya koyi Linux a cikin kwamfutar, Ubuntu kaɗai na neman 25. Ga waɗannan ɗalibai gigabait 512 ita ce mafari. Mai 256 za ta cika tun kafin a kai aji uku.

Kashi na huɗu su ne masu karanta aikin jarida da wasan kwaikwayo da fim da zane-zane, waɗanda ke tace bidiyo da manyan hotuna. Aikin fim ɗaya na ƙarshen zango na iya cinye gigabait 100. Terabait 1 ce ta dace da su, ko kuwa 512 tare da ma'ajiyar waje mai sauri.

Kafin a sayi komai, yana da kyau sabon ɗalibi ya tuntuɓi waɗanda suka riga shi shiga sashen, ko malamin da ke kula da ajinsa, ya ji waɗanne manhajoji ake amfani da su daga aji ɗaya zuwa na ƙarshe.

Shin za a iya ƙarawa daga baya?

Wannan tambaya ce da ke iya rage wa iyaye nauyi ƙwarai. Kwamfutocin ofis da yawa, irin su jerin HP EliteBook da Dell Latitude da Lenovo ThinkPad, waɗanda suka yawaita a kasuwar kwamfutocin hannu, suna da gurbin da ake kira M.2 ko kuma gurbi mai inci 2.5, inda mai gyara zai iya cire ƙaramar ma'ajiya ya sa babba cikin ƙanƙanin lokaci. Wanda ya sayi irin wannan zai iya farawa da 256, idan hali ya samu a aji biyu ko uku sai ya koma 512 ko terabait 1. Haka nan tsohuwar kwamfuta mai HDD da ke gida za a iya sa mata SSD ta farfaɗo, a maimakon a sayi sabuwa.

Akwai kuma waɗanda aka manne ma'ajiyarsu da dalma a jikin babban allo. Dukkan kwamfutocin MacBook da kamfanin Apple ya fitar tun daga samfurin M1 na shekarar 2020 haka suke, haka ma wasu siraran kwamfutoci na sauran kamfanoni. A irin waɗannan, abin da aka saya ranar farko shi za a zauna da shi, wato tun ran gini ran zane. Duk wanda zai sayi irinsu ya daure ya ɗauki girman da zai kai shi ƙarshen karatu.

Ma'ajiyar intanet da ma'ajiyar waje

Kamfanoni da dama na ba da wurin ajiya kyauta a intanet. Google na ba da gigabait 15 ga duk mai adireshin Gmail, OneDrive na Microsoft na ba da 5, iCloud na Apple ma 5, Dropbox kuma 2. Wannan ya isa ajiye duk rubuce-rubucen da ɗalibi zai yi a jami'a, amma ba zai maye gurbin ma'ajiyar kwamfuta ba. Ɗorawa da saukewa duk da data ake yi, kuma a watan Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince wa kamfanonin waya ƙarin farashi na kashi 50 cikin ɗari. Ga kuma matsalar sabis da kan yanke a daidai lokacin da aka fi buƙatarsa.

Ma'ajiyar waje da ake jonawa ta kafar USB ita ce ta dace da bidiyo da hotuna da tsofaffin ayyuka. Filash kuwa na jigilar takardu ne daga wannan kwamfuta zuwa waccan, bai dace a dogara da shi wajen ajiya ta dindindin ba, domin yana ɓata, yana lalacewa, yana kuma kwaso ƙwayoyin cutar kwamfuta daga shagunan buga takardu.

A nan ya zama dole a ja hankalin ɗalibai a kan wani al'amari. Girman ma'ajiya ba ya kare aiki daga salwanta. Kwamfuta mai terabait 1 ma ana sace ta, ruwa na zuba mata, wuta na ƙona ta. Ƙa'idar da masana suka yarda da ita ita ce a mallaki kwafi uku na duk wani muhimmin aiki, a kan na'urori iri biyu, ɗaya kuma ya kasance nesa da inda ake zaune. Ga ɗalibi, wannan na nufin kundin digirinsa ya kasance a kwamfuta, da ma'ajiyar waje, da kuma intanet. Rigakafi ya fi magani.

Abubuwan da za a duba a shago

Gani ya kori ji. Kada mai saye ya tsaya ga abin da aka faɗa masa ko aka liƙa a jikin kwamfuta, musamman idan ta hannu ce.

1. A kunna kwamfutar, a buɗe Task Manager, a shiga sashen Performance. A nan za a ga ko ma'ajiyar SSD ce ko HDD, da girmanta, da kuma girman RAM.
2. A duba lafiyar ma'ajiyar da manhajar CrystalDiskInfo, wadda kyauta ce. Takan nuna yawan awannin da ma'ajiyar ta yi tana aiki da kuma halin da take ciki.
3. A tambaya ko ana iya canza ma'ajiyar, kuma wane irin gurbi take da shi. A rubuta lambar samfurin kwamfutar a bincika a shafin kamfanin da ya ƙera ta.
4. A tabbatar kwamfutar na karɓar Windows 11, domin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da yake ba Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025. A kwamfutoci masu injin Intel, galibi daga zubi na takwas zuwa sama ne ke cika sharaɗin.
5. A yi hattara da filash ko ma'ajiyar waje mai girman gaske da ake sayarwa da arahar da ta wuce hankali. Akwai na jabu da ke nuna terabait alhali cikinsu bai kai ko kusa ba. Manhajar H2testw na tona asirin irinsu.
6. A karɓi rasit mai ɗauke da nau'in ma'ajiya da girmanta da kwanakin garanti.

Kammalawa

A taƙaice, ma'ajiya mai gigabait 64 ko 128 ta yi wa karatun jami'a kaɗan. SSD mai 256 ita ce mafi ƙarancin abin da ya kamata a saya, kuma ta wadatar da ɗalibin da aikinsa karatu da rubutu ne. Mai 512 ita ce ta fi dacewa da mafi yawan ɗalibai, musamman na kimiyya da injiniyanci da likitanci. Terabait 1 kuwa ta masu aikin bidiyo ce da manyan zane-zane. Idan kuɗi bai kai ba, a fifita SSD ƙarama a kwamfutar da za a iya ƙara mata daga baya, a kan HDD babba ko eMMC da aka manne. Ragowar kuɗin a sa shi a RAM da ma'ajiyar waje da za a riƙa adana kwafin aiki a cikinta.